Malam Zaharadeen da Nauyin Daro

Ranar wata Talata bayan la'asar, kasuwar Mafara ta fara watsewa, Malam Zaharadeen ya jingine mashin ɗinsa a bakin shagon Alhaji Uba mahauci, ya tuɓe takalma, ya yi sallama. Alhaji Uba na zaune a kan buzu yana wasa wuƙa. Suka gaisa irin gaisuwar mutanen da suka san juna amma ba su saba ba: gida, iyali, gajiya, kasuwa, makaranta, ruwan da aka yi shekaranjiya, da labarin daji, Allah shi kyauta. Sai da gaisuwa ta kai ƙarshe ta sake juyowa, sannan Malam ya faɗi abin da ya kawo shi.

Iskar ruwan farko ta yaye rufin ajin da yake koya wa yara kwamfuta bayan an tashi makaranta, ta haɗa da ɗan faifan sola da suke samun wuta da shi. Shagon Alhaji kuwa na da sola jere a kan rufi saboda firizar nama, kuma a baya akwai ɗaki da ba a ajiye komai a ciki sai busassun fatu da tsofaffin igiyoyi. Aron ɗakin nan yake roƙo, da wutar awa biyu kullum.

Alhaji bai ɗago ba. "Mi yaran ga ka koyo ciki?"

"Suna koyon ba ta umurni, Alhaji. Su rubuta mata abin da za ta yi, daki-daki, ita ko ta yi shi."

"Ta yi shi? To ta hi ɗiyana. Ni kullum umurni nika ba su." Ya gwada kaifin wuƙar a farce. "Malam, ni ban son abin da ba a ci, ba a sha, ba a shimhiɗawa a kwanta. Tana iya duban sa yana tsaye ta hwaɗi naman da ke jikinai?"

Malam ya ce, "Yau ba ta iyawa. In yaran sun koya mata, tana iyawa."

A nan Alhaji ya ajiye wuƙa, don an zo inda yake so. Shekara arba'in yana shiga kara, kasuwar shanu, kuma duk Mafara har Bakura an san idan ya zagaya sa sau ɗaya ya faɗi kilo, sikeli ba ya ƙaryata shi sai da ɗan abin da ba a rasa ba. Ya ce ya ba da ɗakin daga gobe. Amma Talatar da ke gaban Babbar Sallah, wata uku ke nan, za a tsayar da shanu uku. Shi ya faɗi nasa, na'urar yara ta faɗi nata, a yanka a ɗora a sikeli. In yara sun fi shi kusa a biyu, ɗakin nasu ne muddin yana numfashi. In shi ya fi su, su kwashe kayansu.

"Wanga ba caca ba ce," in ji Alhaji, "sharaɗi na."

"Na karɓa."

"Na sallama."

Suka yi musafaha. Ni ne shaida. Tsoka na je saye aka ce in tsaya in ji.

Shekara shida ke nan da wannan magana. Abin da ya sa na tono ta yau, ƙarshen watan nan Malam Zaharadeen zai ajiye alli bayan shekara talatin da biyar yana koyarwa, kuma na san halinmu: za a taru a yi addu'a, a ba shi sallaya da agogon bango, shi ke nan. Na ga bai kamata a bar shi ya tafi haka ba, ba a faɗa wa mutane wane ne shi ba.

Mutumin Gidan Goga ne, ta ƙasar Maradun. Da zaman ƙauye ya gagara, ya kwaso mahaifiyarsa da iyalinsa ya dawo Bakura, a can yake har yau. Duk wanda ya saba bin hanyar Bakura zuwa Mafara da sassafe ya san shi. Yana idar da asuba ya karya da kunu, ya naɗe kwamfutarsa a cikin tsohon bargo, ya sa a buhun shinkafa, ya goya ta a ƙirji kamar mai jego, ya hau mashin ya bi gefen fadamun Bakolori. Masu dashen shinkafa da shi suke gane ƙarfe bakwai ta yi. Da safe lissafi yake koyarwa, wanda gwamnati ta ɗauke shi dominsa. In an tashi, sauran malamai su kama hanyar gida, shi kuma ya ci ɗan abin da ya ƙullo, ya yi azahar, ya buɗe ajin da babu wanda ya sa shi. Shi kansa ya kusa hamsin kafin ya koyi abin, da wayar hannu da wannan tsohuwar kwamfuta da wani tsohon ɗalibinsa ya bar masa.

Kwamfuta ɗaya ce, yara goma sha shida, maza da mata. Wani zai ce aikin banza ne. Shi kuwa ya mai da rashin ya zama doka: ba mai taɓa na'ura sai umurninsa ya yi tafiya a ƙasa. Yaro ɗaya zai tsaya a fili a ce shi ne na'ura, ba ya tunani, ba ya gyara wa kowa, abin da aka rubuta a takarda kaɗai yake yi. Inna Kaltumi mai kwaɗon zogale a bakin makaranta har yau tana ba da labarin ranar akuya. An ce yara su rubuta yadda ake ɗaure akuya. Suka rubuta: ɗauki igiya, je wurin turke, ɗaure. Ishaq, wani dogon yaro ɗan Faru, shi ne na'ura a ranar. Ya ɗauki igiya, ya je turke, ya ɗaure igiyar tamau a jikin turke, ya tsaya. Akuya kuwa ta yi gaba abinta, ta sa baki a tiren Inna Kaltumi.

Da ƙura ta lafa Malam ya ce, "Laihin wa?"

Aji ya ɗauka, "Na Ishaq!"

"Ishaq ya yi abin da kunka rubuta. Wa ya ambaci akuya cikin takardar ga?"

Babu wanda ya ambace ta. Inna Kaltumi ta ce ita dai ba ruwanta da wanda ya ambata, a riƙa ɗaure na'urar tare da akuyar.

Haka yake koyarwa. Kuma kowane zango sai ya nemo musu aiki daga cikin gari, ba daga littafi ba. Su ne suka yi wa manoman wani reshen ruwa a Bakura ɗan tsarin da ke nuna ranar da ruwa zai shiga gonar kowa, bayan an sha zage-zage a kan bakin kwalbati. Saboda haka da Alhaji Uba ya kawo sharaɗinsa, Malam bai ji tsoro ba. Ya ga aikin zango ne ya zo har gida. Abin da ya hana shi sukuni ɗaya ne: in suka faɗi, babu wani ɗaki mai wuta da zai nufa da yara goma sha shida, ajin ya mutu ke nan.

Suka share fatu, suka wanke ɗaki da toka har sau uku, warin bai fita duka ba. Malam ya samo wani lissafi a littafi: in ka auna zagayen ƙirjin sa daga bayan ƙafafun gaba, ka auna tsawonsa daga kafaɗa zuwa gindi, kana iya ƙiyasta nauyinsa. Ranar Talata da aka tashi makaranta ya ɗebi yaransa suka shiga kara da tef irin na tela. Maza na riƙe tef, Ishaq na shafa wuyan sa yana yi masa magana da Fulatanci har ya natsu, mata na gindin bishiya da littafi suna rubutawa. Washegari kuma Mustapha, mai riƙe da sikeli a kwata, ya rubuta musu naman da kowane sa ya bayar.

Dillalai suka sami abin dariya. Jibo, wanda bakinsa ya fi sandarsa tsawo, ya ɗaga murya: "Malam, babbar riga za a ɗunka mai, ko kaftani?"

"Sai mun ƙare awo mu ga yadin da za shi ci," in ji Malam, bai ko juyo ba.

Mai riƙe da babban littafin awo ita ce Kausar, kuma Kausar ɗiyar Alhaji Uba ce, autarsa. Ita ta fi kowa saurin hannu a kwamfutar. Uban ya sani sarai, ya ce wannan bai shafi sharaɗi ba: a gida ɗiyarsa ce, a ɗakin baya abokiyar hamayya.

Mako shida suna wannan, sun auna shanu sama da arba'in, suka rubuta manhajarsu suka gwada. Wani sa ta faɗa daidai har ka ji tsikar jikinka ta tashi. Wani kuma ta zarce da kilo ashirin. Wanda ke zarcewa da kilo ashirin kuwa ba ya karawa da Alhaji Uba. Yara suka bi rubutun layi-layi, babu kuskure. Suka juyo suka zuba wa Malam ido.

Ya ce, "Ban sani ba."

Malam, kai ne malami na farko da na ji ya faɗi wannan kalma a gaban ɗalibai bai ji kunya ba. Na yi yawo, na kai shanu Ikko a bayan tirela fiye da yadda zan iya tunawa, na zauna da masu ilimi da masu kama da su. Yawancinmu gara mu kai mutum rami da mu ce ba mu san hanya ba. Kai ka faɗa, sannan ka tuɓe hula ka zauna a ƙasa tare da su.

Ya sa aka baje takardun awo a kan tabarma kashi biyu, waɗanda na'ura ta dace da waɗanda ta zarce. Ya ce a duba mene ne ya raba su. Aka daɗe ana kallo. Can Ishaq ya fara dariya shi kaɗai. Ya ce duk na kashin nan na biyu shanun fatake ne da ake son a rabu da su a ranar. Da safe ake dama musu dusa da kanwa da gishiri, ƙishirwa ta kama su, a bi da su bakin ruwa su sha har haƙarƙari ya buɗe. Su shigo kara a cike fam kamar an yi wata shida ana turke su. Kowa a kara ya san wannan. Wanda ya rubuta littafin da Malam ya samo lissafin ne bai sani ba, don shanun ƙasarsu ba a yi musu haka.

Kausar ta ce a hankali, "Baba ba ya duban girma. Taɓawa shika yi."

Ga inda magana ta tsaya. Tef yana auna faɗi, amma ba ya bambanta kitse da ruwa. Hannun da ya san bambancin nan ɗaya ne a kusa, kuma shi ne hannun da suke son kayarwa.

Wani malamin zai ce wa yarinyar ta je ta saci kallo ta kawo. Shi kuwa Malam ya zagayo ta ƙofar gaba ya yi sallama, ya ce, "Alhaji, mun ci tura. Muna son ka koya muna abin da hannunka ka ji."

Alhaji ya yi dariya har da tari. "Malam, in wasa muku wuƙar da za ku yanka ni? Ai ko tunkiya ba ta yin haka."

Malam ya yi godiya ya koma.

Akwai abin da na sani a lokacin wanda Malam bai sani ba, kuma yau mai abin ya yarda in faɗa. Yanar ido ta fara rufe ganin Alhaji Uba. Ya daɗe yana ɓoyewa. Zagayen da yake wa sa yana ƙanƙance ido al'ada ce kawai, hannu ke yin aikin. Kuma abin da ya fi idon ci masa rai, babu magaji. 'Ya'yansa maza, Jabir na Gusau yana gyaran waya, Habibullahi na tuƙin mota. Yaran shago kuwa yanka da fiɗa suka iya. Shekara arba'in mutane na cewa Alhaji Uba akwai ido, ba a taɓa samun wanda ya zauna ya ce masa, yaya kake yi ba.

Malam ya ce wa Kausar in tana so ta tambayi mahaifinta a gida, amma da sharaɗi: kada ta ɗauko komai a ɓoye, ta faɗa masa dalilin tambayar tun kafin ya buɗe baki.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ta kai masa fura a zaure na ciki, inda yake turke wani farin sa. Hajiya Kubura, mahaifiyarta, na jin su daga tsakar gida, ita ta ba maiɗakina labari. Yarinya ta durƙusa ta ajiye kwano.

"Baba, ina da tambaya. Amma duk abin da ka hwaɗa min, na'ura zan kai ma."

"To tashi ki ba ni wuri."

Ba ta tashi ba. "Mi kaka nema a gindin wutsiya?"

Hajiya ta ce ta ɗauka zai yi fushi. Sai ta ji ya ce, "Kawo hannunki." Ya kama hannun ya ɗora a gindin wutsiyar san, ya ce ta matsa. In wurin ya cika ya yi taushi, kitse ya zauna a jiki ko'ina. In yatsa ya faɗa rami, komai girman sa ƙashi ne. Ya kai hannun kan haƙarƙari: in kina iya ƙirga su da yatsa ba ki danna ba, rage. Ya dunƙule mata hannu ya ce ta bugi ciki ta gefen hagu ta kasa kunne. Cikin da abinci ya cika daban yake amsawa, wanda ruwa ya cika kuwa sai ki ji yana kaɗawa kamar tulu a kan jaki. Daga nan ya shiga bambancin gudali da jan sa mai dogayen ƙafafu, da yadda mahaifinsa ya mare shi ranar da ya fara sayen ruwa da sunan nama. Ƙanƙarar fura ta narke, ƙuda suka gaji suka tafi, aka kira la'asar yana magana.

Ya san inda maganar za ta. Ba yaro ba ne.

Mako uku yara suna fama da yadda za a mai da wannan ya zama abin da na'ura za ta gane. Ta yaya ake rubuta taushi da lamba? Suka yi gardama, suka ɓata, suka shirya. A ƙarshe suka sa manhajar ta riƙa yin tambaya uku bayan awon tef: gindin wutsiya cike, tsaka-tsaki ko rami, haƙarƙari a rufe ko a fili, ciki na kaɗawa ko ba ya kaɗawa. Malam bai rubuta musu layi ko ɗaya ba. In sun kawo, ya ce a fita fili a gwada da ƙafa tukuna. Suka koma kara suka sake awo, wannan karon har da taɓi da bugu. Jibo ya ce yanzu kuma likitoci aka koma.

Talatar sharaɗi ta zo. Aka ware shanu uku a tsakiyar kara, mutane suka yi da'ira. Alhaji ya zagaya kowanne, ya taɓa, ya raɗa mini lambarsa a kunne na rubuta. Yara suka auna, Kausar ta buga a kwamfuta a kan benci, ta rubuto tasu. Na ninke takardun na sa a aljihun ciki. Laraba da hantsi aka hallara a kwata, mahauta da dillalai da iyayen yara, har da waɗanda ba su san abin da ake yi ba. Nama da ƙashi za a auna, ban da kai da ƙafa da fata da kayan ciki. Mustapha na ɗora naman a daron ƙarfe kashi-kashi, yana cire nauyin daron kowane ɗauka.

San farko, Alhaji ya fi kusa. Mahauta suka buga wuƙaƙe a kan teburi.

Na biyu jan sa ne da Jibo ya kawo, ya sha kanwarsa ya ƙoshi. Alhaji ya rage masa, amma na'ura ta fi shi ragewa, kuma sikeli ya bi bayan na'ura. Jibo ya tuna yana da wani uzuri a cikin gari.

Saura ɗaya. Gudali ne mai tozo kamar tulu. Na buɗe takarda na karanta: Alhaji ya ce kilo ɗari da casa'in da shida, yara sun ce ɗari biyu da uku. Aka fara ɗorawa. Ɗauka huɗu aka yi. Mustapha ya haɗa ya ce, "Metan da ɗaya."

Yara suka yi tsalle. 'Yan matan suka rungume juna, Ishaq ya jefa hularsa sama ta faɗa cikin jini bai damu ba. Alhaji Uba ya sunkuyar da kai, ya fara miƙo hannu.

Malam bai karɓi hannun ba. Ya ce, "Mustapha, ka cire daro?"

Mustapha ya dubi takardarsa, ya dubi daro. Garin ɗoki, a wannan san na ƙarshe bai cire ba. Daron kilo ɗaya ne, ɗauka huɗu, kilo huɗu. Ya koma ɗari da casa'in da bakwai. Alhaji ya kuskure da ɗaya, yara da shida.

Zan faɗi gaskiya tunda na tsufa. Ni ma na ga daron. Na gani tun ɗauka ta biyu, na kau da kai ina duban wani ungulu a kan katanga. Na ce a raina kilo huɗu ba su kai a kori yara goma sha shida ba. Alhaji kuwa ba ya iya ganin takardar ko an kai ta hancinsa. Da Malam ya yi shiru na ƙiftawar ido biyu, da ɗakin ya zama nasu har abada, kuma babu mai tayar da maganar.

Ishaq ya zo gabansa idonsa ya yi ja. "Malam, ba wanda ya lura."

"Na'urarku ta zarce da kilo shida, Ishaq. In mun yi shiru za ta ci gaba da zarcewa, mu kuwa muna tafa mata. Wa za mu ruɗa, Alhaji ko kanmu?"

Ya juya ya kama hannun Alhaji da hannu biyu. "Ka ci, Alhaji. Gobe muna kwashewa. Allah shi saka da alheri, wata ukku ba kwana ukku ba ne."

Alhamis bayan azahar suka zo kwasar kaya. An fitar da benci biyu, Malam na naɗe kwamfuta a bargonta, sai ga Alhaji Uba ya toshe ƙofa da jikinsa.

"Ina za ku da ita?"

"Gida, Alhaji, har Allah shi kawo wani wuri."

"Da kilo shidan nata?" Ya shigo ya zauna a bencin da ya rage. "Kun san inda kunka kuskure? Tozo. San ga kitsenai rabi a tozo ya tsaya, bai sauka jiki ba. Na hwaɗa ma yarinyar ga wuri ukku, ban hwaɗa mata na huɗu ba." Ya dubi inda yake jin Kausar take. "Ke da kin ɗauka duka zan ba ki rana ɗaya?"

Aka yi dariya, har da masu hawaye.

"Malam, ni ba a san ni da rabin hiɗa ba. Abin ga ni na koya mata rabi, ba ta hita gari ta ba ni kunya. Sharaɗi ya ƙare, na ci, kowa ya gani. Yanzu ina ƙulla wani. Baɗi war haka a sake tsai da shanu ukku. Kahin nan ku maido bencina."

Haka abin ya zama al'ada. Duk Talatar da ke gaban Babbar Sallah ana tsai da shanu uku a kara, sababbin yara su kara da Alhaji Uba, wanda shi ne ke shiga ɗakin baya duk Alhamis yana koya musu yadda za su kayar da shi. Ya sake ci a shekara ta biyu. Daga nan yara suka fara ci. Ko lokacin da aka rufe makarantu da kasuwannin dabbobi aka datse layin waya, ajin bai mutu ba: Malam na bi gida-gida a mashin yana karɓar umurnin da yara suka rubuta a takarda, ya gwada a kwamfutarsa, ya maido musu da inda ta tsaya. Bana Alhaji bai kara ba, idon ya tafi gaba ɗaya. Amma ya je kara, ya taɓa, Kausar da ta zo hutu daga makarantar gaba da sakandare inda take karatun kwamfuta ta karanta masa lambar wayarta, ya ce, "Ƙara biyu." Da aka auna, biyun na nan.

Manhajar yanzu tana cikin wayar mahauta da dama daga Mafara har Maradun, da masu kiwon turke, har da matan da ke turke sa ɗaya a bayan ɗaki, waɗanda da sai abin da aka faɗa musu. Ishaq na aiki da masu allurar dabbobi, shi ke tsara musu bayanan garke. Ajin kuma Malama Rahama ce za ta riƙe, wadda ta shekara uku tana zama a bencin baya tana koyo tare da yara ba ta ji girman kai ba.

Malam Zaharadeen, na Gidan Goga, mai goyon kwamfuta a ƙirji. Kai ne ka nuna wa 'ya'yan mahauta da makiyaya cewa abin da iyayensu suka sani ilimi ne, har na'ura na buƙatarsa. Kai ne ka tura yarinya ta tambayi ubanta abin da ba a taɓa tambayarsa ba. Kai ne ka tuna da nauyin daro a ranar da mantuwa za ta yi maka rana. Mun gode. Allah ya ba ka lafiyar hutawa, ya sa 'ya'yanka su sami mai yi musu yadda ka yi wa na mutane.

Ku kuma malamai masu jiran sai an kawo kwamfuta hamsin da janareto, ku je ku ga ɗakin bayan shagon nama. Masu shago da masu sola a rufi, ku duba ko akwai ɗakin da fatu kaɗai ke kwana a ciki. Tsofaffi masu sana'a a hannu, in yaro ya zo da tambaya kada ku kore shi.

In an tambaye ni, a matsayina na shaida, wa ya ci wa ya faɗi a cinikin nan, ga abin da na gani. Alhaji Uba ya ci sharaɗi, ya rasa ɗaki, ya sami magada fiye da yadda zai iya ƙirgawa. Malam ya faɗi a gaban jama'a, bai kwashe ko benci ɗaya ya kai gida ba. Wanda ya yi asara ta gaske ɗaya ne, Jibo da ire-irensa. Kanwa ta daina aiki a karar Mafara, don yanzu ko yarinya mai hijabi ta zo sayen sa, sai ta dunƙule hannu ta bugi cikinsa ta kasa kunne.